Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya (1958–1961): Kafuwarta, Bunƙasarta da Rabon Ƙasar Hausa a Cikinta

Gabatarwa

Duk wanda ya saba da tarihin adabin Hausa na zamani ya san irin rawar da ƙananan ƙungiyoyin sa-kai suka taka wajen raya shi. Ya san Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu, inda mutane masu sana'o'i daban-daban suke taruwa don son waƙa kurum, ba don albashi ko takardar shaida ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin ƙasar Hausa ɗin nan aka taɓa kafa wata ƙungiya mai kama da waɗannan ta fuskar tsari, amma a fagen zane da sassaƙa, wadda a yau babu littafin tarihin fasahar Afirka ta zamani da zai cika ba tare da ya ambace ta ba. Wannan ita ce Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda daga baya aka yi wa 'ya'yanta laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya.

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin ƙungiyar tun daga kafuwarta har zuwa watsewarta, sa'an nan mu duba yadda aka yi ta fi girma bayan ta mutu. Amma abin da ya fi damunmu, mu masu nazarin harshe da al'adun Hausa, shi ne wata tambaya da marubuta ba su cika tsayawa a kanta ba: ƙungiyar da ta yi kira ga kowane mai zane ya koma ya sha daga rijiyar gidansu, me ta ɗiba daga rijiyar garin da ya ba ta masauki, ya kuma ba ta suna?

Yadda zane ya shiga makaranta

Kafin a fahimci abin da ɗaliban Zariya suka yi, tilas ne a san hanyoyi biyu da aka shimfiɗa kafin zuwansu. Ta farko ita ce ta Aina Onabolu (1882–1963), mutumin Ijebu-Ode, wanda ya koya wa kansa zane, daga baya ya tafi Ingila da Faransa ya ƙaro ilmi. Burinsa shi ne ya nuna wa Turawa cewa baƙar fata zai iya zana mutum kamar ya yi magana, daidai da ƙa'idojinsu na nisa da kusa, da haske da inuwa. Ta biyu ita ce ta Kenneth Murray, Baturen da ya zo Nijeriya a 1927 don koyar da zane, wanda shi kuma ya riƙa hana ɗalibansa kwaikwayon Turai, yana tura su su zana rayuwar ƙauye, su kuma kula da sana'o'in gargajiya. Ben Enwonwu yana cikin waɗanda suka bi ta hannunsa. Abin ban sha'awa a nan shi ne, ɗan ƙasa ne yake jan mutane zuwa Turai, Bature kuma yana jan su zuwa ƙauye. Kowannensu yana da hujja, amma ɗalibin da ya tashi tsakaninsu ya zama kamar wanda aka ce ya zaɓi ɗaya tsakanin uwa da uba.

A 1952 aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, mai rassa uku: Badun da Inugu da Zariya. Sashen zane ya fara aiki a Badun a 1953, sa'an nan aka ɗauke shi aka kawo shi Zariya a 1955. A wancan lokaci nan ne wuri mafi girma a ƙasar da matashi zai je ya yi shekaru yana koyon zane har ya sami difloma, saboda haka sai ɗalibai suka riƙa hawo jirgin ƙasa daga Yamma da Gabas suna sauka a Zariya. Yawancin malaman sashen Turawan Ingila ne, kuma manhajar da suka zo da ita ta makarantun zane na ƙasarsu ce: zanen abin da ido ya gani, da sanin ƙirar jikin mutum, da haɗa launi, da tarihin mashahuran masu zanen Turai. Fasahar Afirka ba ta da gurbi na kirki a cikin wannan tsari. Ya kamata a ambaci cewa a cikin malaman akwai 'yar ƙasa guda, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta yi karatu a Landan, ta kuma koyar a sashen daga 1955 zuwa 1964.

Kafuwar ƙungiya

A watan Oktoba na 1958 waɗansu daga cikin ɗaliban sashen suka zauna suka kafa ƙungiya tasu ta kansu. Simon Okeke ne ya fara shugabantarta, Uche Okeke yana magatakarda, kafin shi Uche ya karɓi shugabancin a 1959. Sauran sun haɗa da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da William Olaosebikan, daga baya kuma Oseloka Osadebe, da Okechukwu Odita, da Ogbonnaya Nwagbara, da Felix Ekeada suka shigo. Duka-duka ba su kai mutum goma sha biyar ba. Mai karatu zai lura da cewa a cikin sunayen nan akwai Ibo, akwai Yarabawa, akwai mutumin Urhobo, amma babu Bahaushe ko guda. Za mu komo kan wannan.

Yana da muhimmanci a gane irin ƙungiyar da muke magana a kanta, domin sunan da ta yi daga baya yakan sa a zaci wata babbar hukuma ce. Ba ta da ofis, ba ta da ma'aikaci, ba ta ba da takardar shaida, kuma babu wanda aka tilasta wa shiga. 'Ya'yanta 'yan koyo ne, masu shekaru ashirin da 'yan kai. Da rana suna cikin aji suna yin abin da malamai suka sa su, domin kowa yana son ya ci jarrabawa; in an tashi sai su haɗu su tattauna, wani ya gabatar da abin da ya karanto, wani ya kawo zanensa a yi masa gyara ko suka. Sun riƙa karanta mujallu irin su Nigeria Magazine da Black Orpheus, wadda Ulli Beier ya fara fitarwa a Badun a 1957, ta nan suka san abin da marubutan Afirka ta Faransa suke faɗi game da martabar baƙar fata. In hutu ya zo, kowa ya tafi gida da aiki a wuyansa: ya tambayi tsofaffi tatsuniyoyi, ya dubi zanen bango da na jiki da sassaƙen garinsu, ya dawo ya ba 'yan'uwa labari.

A ganina wannan rashin hukuma shi ne ƙarfin ƙungiyar. Da a cikin manhaja aka sa binciken gargajiya, da ya zama darasi kamar kowane darasi, a haddace shi don jarrabawa a watsar. Da yake su suka ɗora wa kansu, sai ya zama abin da suka riƙe har tsufa.

Game da laƙabin 'Yan Tawaye kuwa, ya kamata a yi hattara da shi. Babu zanga-zanga da suka yi, ba su ƙaurace wa aji ba, kuma manyansu sun gama karatu sun karɓi diflomarsu kamar kowa. Abin da suka ƙi shi ne a ce ilmin Turai shi ne iyakar ilmi. Amma suna mai daɗin faɗi yakan fi gaskiya saurin yaɗuwa, shi ya sa laƙabin ya bi su.

Aƙidar auren itace

A watan Oktoba na 1960, watan da Nijeriya ta sami 'yancin kai, Uche Okeke ya yi wa ƙungiyar jawabin shugaba wanda ya ba wa suna Natural Synthesis da Turanci, wato haɗi irin na halitta, wanda ba a tilasta shi ba. Wannan jawabi shi ne ya zama tamkar tsarin mulkin ƙungiyar. Taƙaitaccen abin da ya ƙunsa shi ne, mai zanen sabuwar ƙasa ba zai zama inuwar Bature ba, ba kuma zai koma ya riƙa maimaita aikin kakanninsa kamar zamani bai juya ba. Zai ɗauki abin da ya fi kyau a cikin gadonsa ya haɗa da abin da ya fi amfani a cikin ilmin da ya koyo, har a sami abu na uku wanda yake nasa.

Hausawa suna da kalma da ta dace da wannan ma'ana fiye da duk wata fassara da za mu ƙirƙiro, wato aure irin wanda masu lambu suke yi wa itace. In za a yi wa mangwaro aure, ana neman gindi ɗan ƙasa mai jure wa fari da ƙwari, a ɗaura masa reshe na wani iri mai zaƙi. In ya kama, itacen da zai tashi ba gindin ba ne zalla, ba kuma reshen ba ne zalla. Sai dai duk mai lambu ya san sharaɗin abin: tilas gindin ya zama yana da rai, saiwarsa tana cikin ƙasa. Wannan sharaɗi shi ne ya kai kowane ɗan ƙungiya garinsu, kuma shi ne, kamar yadda za mu gani, ya bar fasahar Hausa a gefe.

Kafin jawabin ma sunan waɗansunsu ya fara fita. A babban nunin da aka yi a Ikko don bikin 'yancin kai, Okeke da Nwoko da Onobrakpeya sun yi zanen bango a rumfar sana'o'i da fasaha, alhali kuwa suna ɗalibai. A wannan shekara ce kuma Nwoko ya yi zanen nan nasa mai suna Nijeriya a 1959, inda ya nuna jami'an mulkin mallaka zaune a kan kujeru, fuskokinsu a yamutse, dogaransu baƙar fata tsaye a bayansu cikin duhu. Wanda ya dubi zanen zai ga mutanen da suka san kwanansu ya ƙare.

Watsewa da yaɗuwa

A 1961 manyan 'ya'yan ƙungiyar suka gama karatu, ita kuma ta daina zama. Shekara guda bayan haka, a watan Oktoba na 1962, reshen kwalejin na Zariya ya narke a cikin sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello. Ke nan rayuwar ƙungiyar ba ta cika shekara uku ba. In da girman ƙungiya da yawan mambobi ko tsawon rai ake auna shi, da babu abin da za a rubuta a kanta. Girmanta ya zo ne ta hanyar da iri yake girma, wato bayan an watsa shi.

Zango na farko shi ne Badun. A 1961 aka buɗe kulob ɗin Mbari na marubuta da masu zane, inda Okeke da Nwoko suka haɗu da irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark. Daga nan zanensu ya shiga littattafan sababbin marubuta. Uche Okeke ne ya yi zanen da ke cikin wani bugu na littafin Chinua Achebe na farko. A Ikko kuma, da aka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya a farkon shekarun 1960, Yusuf Grillo ne ya zama shugabanta na farko. Wato ƙungiyar 'yan koyo ta haifi ƙungiyar ƙwararru ta ƙasa baki ɗaya.

Grillo (1934–2021) ya yi shekaru masu yawa yana jagorancin sashen zane a Kwalejin Yaba. An san shi da shuɗin launi mai kama da na rinin adire, da dogayen matan Yarabawa da makaɗa, kuma ko da yake Musulmi ne, shi ya yi tagogin gilashi masu launi na majami'u da dama a Ikko. Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya koma ga bugun zane, ya ƙirƙiro dabaru nasa na kansa, ya cika aikinsa da tatsuniyoyin Urhobo. Tun daga 1998 kuma ya buɗe taron bita na shekara-shekara a garinsu Agbarha-Otor, wanda ya sa wa sunan hunturu, inda ƙwararru da 'yan koyo suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Nwoko, haifaffen 1935, ya tafi Faris ya koyo tsara dandalin wasan kwaikwayo, ya koyar a Jami'ar Badun, daga baya ya zama magini ba tare da ya yi makarantar gini ba. Shi ya tsara majami'ar Dominika da ke Badun, kuma a 2023 aka ba shi lambar Zinariyar Zaki a babban nunin gine-gine na Banis a ƙasar Italiya. Simon Okeke bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1969 a cikin yaƙin basasa. Odita da Osadebe kuwa Amurka ta ɗauke su.

Amma wanda ya fi kowa nuna abin da aƙidar take nufi a aikace shi ne Uche Okeke (1933–2016). Ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, ya zauna a gaban mahaifiyarsa ya koyi yadda layin yake tafiya, ya mai da shi harshen alƙalaminsa. Bayan yaƙi, da ya karɓi shugabancin sashen zane na Jami'ar Nsukka, sai ya sa binciken uli a cikin manhaja. A nan ne Chike Aniakor da Obiora Udechukwu suka yi aiki, nan kuma El Anatsui, mutumin Gana, ya zo a 1975. A 1989 waɗansu masu zane da suka fito daga Ife suka kafa ƙungiyar Ona a kan adon Yarabawa, bisa wannan tafarki. Haka dai reshe ya riƙa fitar da reshe.

Rabon ƙasar Hausa

Yanzu sai mu komo kan tambayarmu. Ba za a ce 'yan ƙungiyar ba su ga Arewa ba. Uche Okeke a Kafancan ya tashi, ya san gidan tarihi na Jos tun kafin ya shiga kwaleji, kuma a Kafancan ɗin ya fara tara kayan da suka zama cibiyarsa ta Asele. A 1961 ya yi zane mai suna Jumaa, na Musulmi a ranar Jumma'a cikin manyan riguna. Nwoko ya yi nazarin gumakan yumɓu na Nok, ya kuma gina nasa a kan salonsu. Onobrakpeya ya daɗe yana komawa ga rayuwar Sahel a cikin ayyukansa. Sai dai in an duba da kyau, za a ga cewa Bahaushe ya shiga zanensu ne a matsayin abin kallo: mahayi, da makaɗi, da mai zuwa masallaci, da almajiri. Fasahar Bahaushe kuwa, wato yadda hannunsa yake jan layi da yadda idonsa yake raba fili, ba ta zama gindin da aka ɗaura wa reshe ba, kamar yadda uli ya zama.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. A zana mutum sanye da riga mai aska takwas abu ne guda. A ɗauki tsarin askar kanta, da yadda maɗinki ya karkatar da nauyin adon zuwa gefe guda na ƙirji ya bar ɗaya gefen da tambari kaɗai, a gina sabon zane a kansa, wani abu ne daban. Na farko kowane baƙo mai ido zai iya yi. Na biyu sai wanda ya zauna a gindin maɗinki.

Abin da ya sa wannan ya zama abin takaici shi ne, kwalejin tana Samaru, tafiyar keke ce kawai zuwa birnin Zazzau, kuma birnin a wancan lokaci makaranta ce a buɗe. Akwai Masallacin Jumma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), da bakan gizonsa da tulluwarsa, wanda daga baya aka yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Akwai marina, da dukawa, da masu zayyanar Alƙur'ani da allo, da masu sassaƙar ƙwarya. Fiye da duka, akwai adon fuskar gidaje. A daidai shekarun da ɗalibai suke muhawara a Samaru a kan yadda za a haɗa tsoho da sabo, maginan Zazzau sun riga sun fara sa keke da mota a tsakanin dagi da takobi a jikin zaurukan attajirai, suna kuma gwada siminti da fentin kanti a inda da makuba da farar ƙasa ake amfani da su. Babu wanda ya yi musu jawabi, ba su kuma ba abin suna ba, amma auren itacen da ake nema ga shi nan a bakin hanya ya riga ya yi 'ya'ya.

To me ya hana? Dalili na farko yana cikin aƙidar kanta. Tun da an ce kowa ya koma gadonsa, kuma gado a fahimtarsu na ƙabila ne, sai Ibo ya tafi ga uli, mutumin Urhobo ya tafi ga tatsuniyar Urhobo, Bayarabe ya tafi ga adire. Fasahar Hausa ta zama gonar da mai ita bai zo taro ba. Ba za a zarge su da wannan ba, domin da sun ɗauka ma, wataƙila da an ce sun yi shuka a gonar wani.

Dalili na biyu shi ne abin da ya hana mai gonar zuwa. 'Yan Arewa da suka kai matakin shiga kwaleji a shekarun 1950 kaɗan ne ƙwarai, kuma gwamnatin Jihar Arewa tana jiransu da guraben mulki da koyarwa da aikin gona da asibiti, a lokacin da ake gaggawar maye gurbin Turawa da 'yan Kudu. Yaron da ya fito daga Kwalejin Barewa da sakamako mai kyau, da wuya iyaye ko hukuma su bar shi ya tafi ya yi shekara huɗu yana wasa da fenti. Sa'an nan akwai matsayin malamai game da sura, wato zanen abu mai rai, alhali kuwa a kan zanen jikin mutum aka gina manhajar sashen. A ƙarshe akwai tsarin sana'a na Hausa kansa: gini da ɗinki da dukanci gado ne, ana koyonsu a gida a ƙarƙashin sarkin sana'a, kuma ɗan boko da ɗan magina ba su cika zama mutum ɗaya ba. Wanda yake da hannun bai shiga kwaleji ba, wanda ya shiga kwaleji kuma ba shi da hannun. Na fi ba wannan dalili na ƙarshe nauyi a kan na addini, domin fasahar Hausa da muke magana a kanta, dagi da zayyana da aska, babu sura a cikinta, babu kuma malamin da ya hana ta.

Akwai mutum guda da ya tsaya a tsakiya, wato Jimo Akolo, mutumin Egbe a lardin Kabba, wanda a tsarin wancan zamani ɗan Arewa ne. Ya yi Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda Dennis Duerden ya koyar da zane, ya shiga Zariya tare da su Okeke, ya yi abota da su, amma bai zauna a cikin ƙungiyar ba, domin bai yarda a shata wa mai zane hanyar da zai bi ba. Abin mamaki shi ne, shi da bai ɗaure kansa da komawa gadon ƙabila ba, shi ya fi su duka zama da Arewa: makaɗan Hausa da mahayan Filani suna cikin sanannun ayyukansa na farkon shekarun 1960, kuma ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ya koyar shekaru masu yawa. Ya rasu a 2023.

Nazarin fasahar Hausa a jami'ar ya zo daga baya, kuma ta hannun masu bincike ya fara zuwa. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Zariya daga ƙarshen shekarun 1960, ya yi nazari mai zurfi a kan ɗinkin rigunan Hausa, ya kuma shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Friedrich Schwerdtfeger ya bi gidajen birnin Zazzau da maginansu ya rubuta. A 1977 jami'ar ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga ƙasar Gwari wadda ba ta yi boko ba, digirin girmamawa, abin da ya nuna an fara yarda cewa gwanin gargajiya malami ne. A cikin sashen zane kuma, Gani Odutokun (1946–1995), wanda aka haifa a Nsawam ta ƙasar Gana, shi da abokan aikinsa sun kafa wata ƙungiyar mai suna Ido a 1989, wadda ta riƙa fitar da mujalla, ta farfaɗo da al'adar haɗuwa a wajen aji da aka fara shekara talatin da ɗaya kafin nan. Odutokun ya rasu a haɗarin mota a 1995.

A 1998 Gidan Zane na Ƙasa ya shirya nuni da littafi don cikar ƙungiyar shekara arba'in, a 2015 kuma Chika Okeke-Agulu ya fitar da babban littafinsa da ya sa ta a tsakiyar tarihin zanen Nijeriya na zamanin 'yancin kai. Ayyukan 'ya'yanta sun shiga manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, da sunan Zariya a jikinsu. A birnin Zazzau kuwa, yawancin zaurukan da aka yi wa adon keke da dagi a shekarun 1950 damina ta ci su ko an rushe su an sa bulo, shi ma masallacin Babban Gwani tun shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage nasa a cikin sabon gini na siminti.